Taswirar da ke Nuna Baɗinin Ƙasa

Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi Dutsen Aso, ko ya kama hanyar Kaduna ya ga Dutsen Zuma tsaye daura da Madalla, zahirin ƙasa kaɗai ya gani. Amma baɗininta, wato irin dutsen da ke shimfiɗe ƙarƙashin gidaje da gonaki, da shekarunsa, da inda ya tsage, ba ya bayyana sai a wani zane mai launi-launi wanda, a ganina, babu surar da ta fi shi zama a zukatan ma'abota wannan ilmi, wato taswirar jinsin duwatsu.

Ana jingina shaharar wannan zane ga William Smith na Ingila, wanda a 1815 ya fitar da taswirar ƙasarsa, ya ba kowane shimfiɗin dutse launinsa. A wajenmu kuwa J. D. Falconer ne ya ratsa Arewa yana binciken ma'adinai, ya wallafa littafinsa da taswira a 1911, sa'an nan ya shugabanci hukumar binciken duwatsu da aka kafa a 1919, wadda magajiyarta ke da hedkwata a unguwar Utako ta Abuja yau.

Wajibi ne mai karatu ya sani cewa wannan zane ijtihadi ne. Mai bincike yakan ga dutse a bakin rafi, ya sake ganin irinsa a gindin tudu bayan doguwar tafiya, alhali ƙasa da ciyawa sun lulluɓe abin da ke tsakani. Sai ya yi ƙiyasi, inda ya sami yaƙini ya ja layi a haɗe, inda yake kan zato ya ja shi tsinke-tsinke, domin wanda zai zo bayansa ya bambance hujja da hasashe. Wannan riƙon amana shi ya fi ƙayatar da ni a cikin sana'ar baki ɗaya.

To, me taswirar ta ce game da Abuja? Galibin yankin yana bisa tsohon dutse mai tauri, wani sashensa ya kai wajen shekara miliyan 600, kuma da yake ba ya tsotsar ruwa, ruwan ba ya taruwa sai a tsagoginsa da a ruɓaɓɓen samansa. Shi ya sa mutum kan haƙa rijiyar burtsatse ya tashi a tutar babu, maƙwabcinsa kuwa yana ɗiba. Sai an gangara wajen Abaji ake shiga dutsen rairayi na kwarin Bida, mai riƙe ruwa. Da ƙasa ta girgiza a Mpape cikin watan Satumba na 2018, har hukuma ta dakatar da fasa duwatsu, layukan tsagar nan su ne abin da masana suka koma suna nazari, kuma burina shi ne a rataye kwafin taswirar a ofishin kowace ƙaramar hukuma daga cikin shidan da ke yankin, inda magini da mai haƙa rijiya za su duba kafin su sa hannu a aiki.