Haƙoran Nono Da Abin Da Ke Ƙarƙashinsu

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ran Alhamis ya ga yadda dillali yakan buɗe bakin rago kafin a yi maganar kuɗi. Ƙananan haƙora takwas na ƙasa yake dubawa. In biyu na tsakiya sun zube, manya sun maye gurbinsu, to, ragon ya haura shekara, kome mai shi zai rantse. Abin mamaki, mutumin nan da ya san bakin dabba haka, sau da yawa bai taɓa leƙa bakin ɗansa ba. In an yi masa magana sai ya ce ai na nono ne, zubewa za su yi.

Lalle za su zube, amma ba da wuri ba. Na farko yakan ɓullo wajen wata 6, su cika 20 kafin shekara 3. Famfara tana farawa wajen shekara 6, turame na ƙarshe kuwa ba su faɗuwa sai wajen 12. Watau akwai haƙorin da zai yi wa yaro tauna shekara goma. Ƙarƙashin kowane ɗaya kuma akwai magajinsa kwance cikin muƙamuƙi, na nonon yana tsare masa wuri kamar yadda maƙwabci yake tsare wa ɗan kasuwa rumfa. In ya ruɓe aka cire shi tun lokaci bai yi ba, na kusa su matso su cinye filin, magaji ya fito a karkace. In kuwa ya yi ruwa a gindi, ɓarnar tana iya taɓa wanda bai fito ba tukuna. Akwai kuma turmi babba da yake fitowa can baya wajen shekara 6 ba tare da kome ya faɗi ba. Iyaye sukan ɗauka na nono ne su ƙyale shi, alhali kuwa shi ba shi da magaji.

Malaman allo na ƙasar Gumel sun fi kowa sanin amfanin na gaba. Harafin Fa yana fita ne tsakanin leɓen ƙasa da haƙoran sama, Zal da 'yan'uwansa biyu kuwa sai kan harshe ya taɓa gefensu. Ga shi lokacin da yaro yake kama karatu sosai shi ne lokacin famfara. Mai giɓi in ya kasa fid da harafi daidai, ba taurin kai ba ne, bulala kuma ba ta tsirar da haƙori. Sai a yi masa haƙuri 'yan watanni.

Inda hatsari ya fi yawa shi ne maganar nan da ake ji daga Gagarawa har Sule Tankarkar, in jariri ya kama zawo da zazzaɓi a ce haƙori ne. Fitar haƙori tana sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da rigima, amma ba ta kawo zawo mai ƙarar da ruwan jiki, ba ta kawo zazzaɓi mai zafi. Abin da ya sa suke haɗuwa shi ne a watannin nan yaro yake fara rarrafe, yana kai kome baki, ana kuma fara ba shi kunu. Mai zawo ruwan gishiri da sukari yake bukata, da asibiti. Masu shagon magani kuma su tuna da 2008, sa'ad da wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin ya gurɓata da guba, yara 84 suka rasu a Nijeriya.

Sai ciwon noma, wanda yake farawa da kumburin dasashi da jini da warin baki ga yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ko ƙyanda ta raunana. Cikin 'yan kwanaki yana iya cinye kunci. In an kai shi tun yana dasashi, magani yana tsai da shi. Saboda wannan cuta aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato a 1999.

Abin da yake ruɓar da haƙori ba yawan zaƙi kaɗai ba ne, yawan maimaitawa ne: alewa da hantsi, lemon kwalba da azahar, rake da dare a kwanta ba a wanke baki ba. Tun haƙori na farko uwa ta riƙa goge shi safe da dare, da man goge baki wanda bai wuce ƙwayar shinkafa ba. In yaro ya kai shekara 3 a ƙara ya kai ƙwayar wake, a koya masa tofarwa, sa'an nan a riƙe masa hannu da asawaki ko buroshi har ya iya da kansa.