Na'urar Siti da Yadda Take Samar da Hoton Cikin Jiki

Manufarmu a wannan maƙala ita ce bayyana yadda na'urar Siti take aiki. Kamar yadda muka sani, hoton eksire inuwa ce kawai, inda ƙashi da tsoka suke hawa kan juna, har ƙoƙon kai ya rufe ƙwaƙwalwa. Wannan matsala ce Godfrey Hounsfield ya warware da na'urarsa, wadda aka fara ɗaukar hoton majinyaci da ita a Landan a 1971.

Bututun eksire yakan kewaya majinyaci, ma'aunai a ɗaya gefen suna auna hasken da ya ratso jiki ta ɗaruruwan kusurwoyi. Daga nan kwamfuta takan lissafa yawan hasken da kowane gurbi ya tare, ta ba shi lamba: ruwa 0, iska -1000, ƙashi mai tauri kuwa sama da 1000. Lambobin nan ake mayarwa hoto, yanka-yanka.

Muhimmancin wannan a fili yake ga mai shanyewar ɓarin jiki. Sabon jinin da ya zuba a ƙwaƙwalwa fari yake fitowa, saboda haka likita yakan bambance fashewar jijiya da toshewarta kafin ya ba da maganin narkar da gudan jini, wanda yake iya halaka mai fasasshiyar jijiya.