Kafofin Sada Zumunta a Hannun Ƙungiyoyin Sa-kai: Misalin Bagega

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu dubi yadda ƙungiyoyin sa-kai suke amfani da kafofin sada zumunta da sauran hanyoyin intanet wajen aikin jama'a. Da yake fagen yana da faɗi, mun ga ya fi kyau mu tsaya a kan misali guda wanda ya faru a ƙasar Hausa, watau gangamin da aka yi a 2012 da 2013 domin ceto yaran Bagega ta Ƙaramar Hukumar Anka a Jihar Zamfara daga gubar dalma.

Asalin Matsalar

A cikin watan Maris na 2010 ne ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa, watau MSF, ta lura da cewa ƙananan yara suna mutuwa fiye da kima a waɗansu ƙauyuka na Anka da Bukkuyum. Da aka gwada jinin yaran sai aka tarar dalma ce. Abin da ya faru shi ne, kuɗin zinariya ya tashi a kasuwannin duniya, mutane kuwa suka duƙufa wajen haƙo duwatsun da take ciki, alhali duwatsun nan cike suke da dalma. A cikin gida ake farfasa su, a niƙa su da irin injin da ake niƙa hatsi, ƙurar ta bi tsakar gida da ɗakuna da kwanukan abinci. Yaro mai rarrafe kuwa, hannunsa daga ƙasa sai baki. An ƙiyasta yaran da suka rasu sun kai 400.

Akwai wani abu game da maganin wannan guba wanda sai an fahimce shi za a gane dalilin gangamin. Maganin da ake ba yaro yakan kama dalmar da ke cikin jininsa ya fitar da ita ta fitsari, amma idan yaron ya koma gidan da ƙasarsa take da guba, to, aikin ya zama na banza, domin zai sake kwasa. Saboda haka likitoci ba su fara magani a gari sai an kankare ƙasar da ta gurɓata, an kai ta rami an binne, an zuba sabuwa. An yi wannan aiki a ƙauyuka bakwai a 2010 da 2011, cikinsu har da Dareta da Abare da 'Yargalma. Bagega, wadda ta fi su girma, ita aka bari saboda rashin kuɗi, da yara kimanin 1,500 masu jiran magani. A watan Mayu na 2012 Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850 domin aikin, sai dai shekarar ta ƙare kuɗin ba su fito ba.

Yadda Aka Yi Gangamin

A nan ne kafofin sada zumunta suka shigo. Waɗansu matasa, cikinsu akwai Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka fara wani shiri mai suna Follow The Money, ma'ana a bi sawun kuɗi, suka riƙa yaɗa labarin garin a Twitter da Facebook ƙarƙashin taken #SaveBagega. Ita kuma ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch, wadda tun farkon 2012 ta fitar da hotuna da majigin ƙauyukan, ta yi kira ga jama'a a ƙarshen shekarar da su je shafin Shugaba Goodluck Jonathan na Facebook su tambaye shi ina kuɗin Bagega. A cikin Janairu na 2013 aka ba da umurnin sakin kuɗin. Aka fara kankare ƙasa, a watan Afrilu kuma MSF ta soma yi wa yaran Bagega magani.

Ba mu ce saƙonnin intanet kaɗai suka buɗe baitulmali ba. MSF ta daɗe tana magana da hukuma, jaridu da gidajen rediyo sun yi nasu, kuma Kwamitin Muhalli na Majalisar Dattawa, wanda Sanata Bukola Saraki yake shugabanta a lokacin, ya sa baki. Abin da intanet ta ƙara shi ne ta sa jinkirin ya zama abin kunya a bainar jama'a, kuma kullum.

A ganinmu, babban ƙarfin wannan gangami shi ne ƙanƙantar buƙatarsa. Ba a ce a gyara harkar ma'adinai ta ƙasa baki ɗaya ba, ba a kuma ce a kawar da talaucin da ya tura mutane ramuka ba, ko da yake su ne tushen abin. An ambaci gari ɗaya, da adadin kuɗin da gwamnati ta riga ta faɗa da bakinta, da mutum ɗaya wanda sa hannunsa zai sake su. Har ila yau akwai wa'adi wanda ba mutum ne ya sa shi ba, domin in damina ta faɗi hanyar Bagega takan lalace, aikin ƙasa kuma ya gagara. Wanda ya karanta saƙon a Legas ko a Landan ya san abin da ake nema da wanda ake nema a wurinsa, kuma ranar da aka biya zai sani. Idan muka kwatanta da gangamin #BringBackOurGirls na 2014, wanda ya fi na Bagega amo nesa ba kusa ba, za mu ga cewa a can abin da ake nema ba ya hannun wanda ake yi wa kira shi kaɗai, shi ya sa yawan masu magana bai gaggauta biyan buƙata ba.

Bayan Sakin Kuɗi

Galibin masu tura saƙo sukan watse da zarar an ce an saki kuɗi, alhali kuwa a nan ne aikin ƙungiya yake farawa. Kuɗin Bagega an raba su ne tsakanin ma'aikatun muhalli da lafiya da ma'adinai, kowace da nata ɓangaren aikin. Bin sawunsu yana bukatar a rubuta wa ma'aikata takarda, a nemi bayani bisa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, a hau mota a je garin a ga abin da aka yi, sa'an nan a dawo a baza hoto da lissafi inda kowa zai gani. Intanet ta rage tsadar mataki na ƙarshe ne kurum. Sauran duk sai da ƙafa da kuɗin mota. Irin wannan hanya ce ƙungiyar BudgIT ta bi da shirinta na Tracka daga 2014 wajen bibiyar ayyukan mazaɓu, haka kuma aka sake binta a kan Shikira ta Ƙaramar Hukumar Rafi a Jihar Neja, inda gubar dalma ta kashe yara a 2015.

Akwai kuma batun harshe, wanda ya kamata ya dami mahalarta taro irin wannan. Taken gangamin da yawancin saƙonninsa da Ingilishi aka yi su, don kunnen Abuja da ƙasashen waje ake nema. Uwar da ɗanta yake fama da farfaɗiya a Bagega ba ta ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Bayanin da ya shafe ta kai tsaye, watau a daina niƙa dutse a cikin gida, mai haƙa ya wanke jiki ya sauya tufafi kafin ya shigo, a wanke wa yara hannu kafin cin abinci, ya iso gare ta ne da Hausa ta bakin ma'aikatan lafiya da masu unguwanni da limamai. Ƙungiyar da take da mabiya dubbai a intanet amma ba ta da wanda zai zauna a zauren dagaci, rabin aikin take iyawa.

Daɗin daɗawa, kafar da ƙungiya take dogara da ita ba mallakarta ba ce. Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter a Nijeriya daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, kafin ma a sayar da kamfanin a sauya masa suna zuwa X a 2023. A watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni ba kira ba saƙo. Da gubar Bagega ta faɗo a cikin waɗannan watanni, da masu gangamin sai sun fita jihar kafin su aika hoto ɗaya, kuma da kafar da suka fi amfani da ita a 2013 tana rufe.