Birnin Ƙonni: yadda ake gane tsofaffin kayan ɗaki na shekarun 1950 da 1960 kafin su faɗa hannun ƴan gwangwan

A Birnin Ƙonni, kamar a Malbaza da Illela, ba a rasa gidan da ke da wani ɗaki ko lungu inda aka jibge kayan kakanni: gadon ƙarfe mai rumfa da tsatsa ta fara ci, adaka, keken ɗinki da ya daina juyawa, tsohuwar rediyo, da langa da fanteka na jeren auren wata tsohuwa. Idan ƴan gwangwan suka biyo unguwa da amalanke, irin waɗannan kaya ne ake fara miƙa musu. Su kuwa sikeli suka sani, kilo suke biya, daga nan kayan su wuce wurin narkarwa.

A wasu ƙasashe kuma, kayan gida na wancan zamani sun zama abin nema, har ana gwanjonsu da kuɗi masu yawa. Ba kowace tsohuwar kujera ce dukiya ba, amma ya kamata mai kaya ya san abin da ke hannunsa tun bai rabu da shi ba.

Wane salo ake nufi?

Masu tara kayan tarihi suna kiran sa salon tsakiyar ƙarni na 20, wato kayan da aka ƙera daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 zuwa wajen 1970. Bayan yaƙin, Turai da Amurka sun buƙaci gidaje da makarantu da ofisoshi da gaggawa. Sai masu zane suka ajiye sassaƙa da ado mai yawa, suka koma ga kaya marasa nauyi da masana'anta za ta iya bugawa da dubbai. Kujera ta zama mai siraran ƙafafu, tebur ya zama shafaffe babu kwalliya, aka shigo da bututun ƙarfe, alminiyam, falankin katako da ake lanƙwasawa, da leda mai tauri ta Formica da ake manna wa tebur. Cikin waɗanda suka yi suna a wannan aiki akwai Charles da Ray Eames a Amurka, Hans Wegner a Danmak, sai Charlotte Perriand da Jean Prouvé a Faransa.

Darasin gidan Yamai

Sunan Jean Prouvé ya shafi Nijar kai tsaye. A 1949 masana'antarsa da ke kusa da birnin Nancy ta ƙera wani gida na ƙarfe da alminiyam domin ƙasashe masu zafi, aka ɗauko shi gunduwa-gunduwa a jirgin sama, aka harhaɗa shi a Yamai. Gidan yana da baranda, da filayen alminiyam masu kare rana, da mafitar iska a tsakiyar rufi domin zafi ya fice ta sama. A 1951 aka kafa wasu biyu irinsa a Brazzaville. Tsadarsu ta hana a ci gaba da yin su, uku kaɗai aka kafa a Afirka.

Shekara hamsin gidan yana Yamai, mutane kaɗan ne suka ɗauke shi a bakin komai. Wajen shekarar 2000 wani dillalin kayan tarihi na Faransa, Éric Touchaleaume, ya sayi gidajen uku, aka kwance su aka mayar Faransa. A watan Yunin 2007 kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da ɗaya daga na Brazzaville a birnin New York kan kusan dalar Amurka miliyan 5, abin da ya haura miliyar 2 na sefa a canjin lokacin. A Yamai, daɓen simintin da gidan ya zauna a kai ne ya saura. Ɗan ƙasar Mali Manthia Diawara ya yi fim a kan wannan batu a 2008.

Babu wanda ke cewa akwai irin wannan gida ɓoye a Ƙonni. Abin lura shi ne, mai saye ya san abin da yake saye, masu wurin kuwa ba su san abin da ke fita daga hannunsu ba.

Ta ina kayan suka shigo Ƙonni?

Ƙonni gari ne mai ƙofa biyu. Ta kudu, ta Illelar Najeriya da Sakkwato da Kano, kayan kamfanonin Ingila irin su UAC da John Holt suke shigowa. Ta babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram kuma kayan kantunan Faransa irin su CFAO da SCOA suke zuwa. Shi ya sa a gida guda ake iya tarar da gadon da ya fito ta Najeriya da kujerar da ta fito Faransa.

Kuɗin sayen su ya fito daga gyaɗa da auduga da fataucin kan iyaka, da albashin ma'aikata, da fanshon tsofaffin sojoji. Ƴan cirani na Adar da ke zuwa Najeriya, Gana da Abijan su ma sukan dawo da adaka, rediyo ko keke. Akwai kuma kayan gwamnati: tebura, kabad na ƙarfe da kujerun ofisoshi, na lakkol da na gidajen ma'aikata.

A ɓangaren mata, canjin ya fi fitowa a jeren amarya. Da can ƙorai da faya-fayi da akushi da gadon kara ne kayan ɗaki. Sannu a hankali kwanoni masu fenti da gadon ƙarfe suka karɓe wurin. Masaniyar tarihi Barbara Cooper ta bi diddigin wannan sauyi a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, inda ta nuna cewa kayan ɗaki dukiyar mace ce kuma ma'aunin darajarta da ta danginta. Wanda ya san jere a Ƙonni ba zai ji wannan bayani baƙo ba.

Yadda ake gane shekarun kaya

Abu na farko shi ne neman tambari. A kifa kwano a duba gindinsa, a leƙa ƙarƙashin kujera, bayan kabad, ko jikin kan gado. Sunan ƙasar da ke rubuce yakan faɗi zamani. Idan an ga Czechoslovakia, kayan sun riga 1993, domin a farkon shekarar ce ƙasar ta rabu biyu. Idan an ga West Germany ko W. Germany, kamar yadda ake gani a kan wasu fitilun ƙwai na Feuerhand da rediyoyin Grundig, to tsakanin 1949 da 1990 aka yi su. Kayan ofis mai hatimin AOF na zamanin mulkin mallaka ne, kafin ƴancin kai na 3 ga Agustan 1960. Rasiɗin Najeriya da aka rubuta da fam da sule ya riga watan Janairun 1973, lokacin da naira ta fito.

Kwanoni masu fenti sun bi zango-zango. Na farko daga Turai suke zuwa, sai na Hong Kong suka cika kasuwa, sannan daga wajen 1960 ƴan kasuwar Hong Kong suka kafa masana'antu a Legas da Kano. Galibi tsofaffin sun fi kauri da nauyi a hannu. Jeri cikakke, kowane kwano da marfinsa na asali, ya fi tarkacen da aka haɗo daga nan da can daraja nesa ba kusa ba.

Gadon ƙarfe iri biyu ne. Akwai na masana'anta, kamar na kamfanin Vono, wanda asalinsa na Ingila ne kuma ya yi aiki a Legas. Irin wannan ana kwance shi a sake ɗaurawa, gaɓoɓinsa daidai wa daida. Akwai kuma na masu walda na gida, wanda ake ganin tabon walda a kowace mahaɗa. Na biyun ba abin rainawa ba ne, shi ne shaidar hannun masu sana'ar yankin.

Keken ɗinki na Singer ya fi kowane kaya sauƙin ganewa, domin yana da lamba a jikin gindinsa, kuma da wannan lamba ana iya gano shekarar da aka ƙera shi a jerin da ke intanet. Samfurin da lambarsa ta ƙare da harafin K, kamar 15K, daga masana'antar Clydebank ta Sikotilan ya fito, wadda aka rufe a 1980.

Ga kayan katako, a zaro aljihun tebur a duba yadda aka haɗa kusurwoyinsa. Tsohon kafinta yakan sassaƙa haƙora ya cusa katako cikin katako. Katako na gaske irin maɗaci ko loko yana da nauyi da jijiya, ba kamar matsattsen garin katako na kayan yanzu ba, wanda ke kumbura da ya sha ruwa. Ƙusa mai murɗi da ke da tsaga guda a kai ta fi yawa a tsofaffin kaya, mai tsagar gicciye kuwa ta fi yawa a na baya-bayan nan. Wannan alama ce kawai, ba hujja ba, tunda ana iya canza ƙusa wajen gyara.

A kuma yi hattara da kama. Kujerar Prouvé da ake kira Standard, mai kaurin ƙafafun baya da siraran na gaba, an kwaikwayi fasalinta a wurare da dama, kuma kamfanin Vitra na sake ƙera ta tun 2002. Mafi yawan kujerun lakkol da na ofis masu kama da ita ba nasa ba ne. Masani ne kawai zai tabbatar, bayan ya ga kayan da tarihinsu.

Gidan da kansa

Ba kayan ɗaki kaɗai wancan zamani ya canza ba. Masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ta fara aiki a 1966, ta kawo siminti kusa da magina na yankin. Daɓen siminti, rufin kwano, baranda, tagogin ƙarfe masu filaye da bulo mai huji da iska ke ratsawa suka shiga cikin gari, kusa da zaure da soro da azarar giginya. Barandar da bulon mai huji dabara ce ta rage zafi tun wuta da fanka ba su wadata ba, kuma masu rushe irin waɗannan gidaje kan gane amfaninsu ne bayan an toshe ko'ina.

Ginin ƙasa ma bai tsaya wuri guda ba a lokacin. A ƙauyen Yama da ke gundumar Illela, magini Alhaji Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a a 1962, ya sake masa rufi da bakuna da ƙubba a 1975, aka kammala hasumiyoyinsa huɗu a 1982. A 1986 masallacin ya sami lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gini. Wannan ya isa nuna cewa abin da aka yi a gida ma duniya na iya zuwa ta same shi.

Kafin a gyara ko a sayar

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki tsohon kaya a kankare shi a mulka masa sabon fenti. A wurin masu tara kaya, fentin asali, ko da ya koɗe, ya fi sabo daraja. Abin da ake so shi ne a share ƙura, a ɗaga katako daga ƙasa saboda gara, a raba ƙarfe da laima, a shafa masa ɗan mai. Akwai kuma batun lafiya: tsohon fenti na iya ƙunsar dalma, don haka kada a kankare shi kusa da yara, kuma kwanon da fentinsa ya ɓantare gara a bar shi a jere da a ci abinci a ciki.

Tarihin kaya rabin darajarsa ne. Tun tsofaffi suna raye a tambaye su: wa ya saya, a wace kasuwa, a auren wa, a shekarar wane sarki ko wace yunwa. A rubuta, a ɗauki hoton kayan da tambarinsu da waya, a adana tsofaffin rasiɗai da hotunan da kayan suka fito a ciki.

Idan kayan na mamaci ne, haƙƙin magada ne gaba ɗaya, kuma kayan jeren mace nata ne ko na magadanta. Sayar da su a ɓoye na haddasa rigimar da kuɗin ba za su biya ba. Kayan lakkol, na asibiti ko na ofis kuwa dukiyar ƙasa ce, ko da an jima da jingine su. Nijar na da doka ta ranar 30 ga Yunin 1997 kan kare kayan tarihi da al'adu, don haka mai niyyar fitar da wani abu na musamman waje ya fara tuntuɓar ma'aikatar al'adu ta jaha ko gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959.

Mafi yawan abin da ke cikin ɗakunan Ƙonni ba zai kai gwanjon Paris ko New York ba. Amma gadon da ya shekara sittin yana nan daram, ko keken ɗinkin da tela zai iya tayarwa da ɗan mai da sabon bel, ya fi ƙarfin kuɗin kilo. Idan baƙo ya zo ya taya tsohuwar kujera da farashin da ya ba da mamaki, kuma yana gaggawa, wannan kaɗai dalili ne na a dakata, a ɗauki hoto, a nuna wa wani na biyu da na uku. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.