Kafin Ka Sayi Kwamfutar Karatu

Kowace shekara in an buɗe makaranta, 'yan ajin farko na sashen ilmin kwamfuta su kan zo su ce mini, "Malam, wace irin laftof zan saya?" Wani kuwa ba ya tambaya sai ya riga ya sayo, ya zo da ita tana ta walƙiya, amma da an ba ta aiki biyu a lokaci guda sai ta tsaya cik kamar jakin da aka labta wa kayan da suka fi ƙarfinsa. Kuɗin nan fa sau da yawa na uba ne wanda ya sayar da amfanin gona, ko ya ci bashi. Shi ya sa na ga ya kamata mu ɗan tattauna.

Abin da za ka fara dubawa shi ne RAM. Ka ɗauke shi kamar teburin da ka ke karatu a kai. In teburin ƙarami ne, kafin ka buɗe littafi na biyu sai ka rufe na farko, aiki ya yi ta tafiyar hawainiya. Mai rubuta wasiƙa kaɗai gigabayit 4 sun ishe shi lallaɓawa, amma kai da za ka buɗe manhajar rubuta shirye-shirye, ga shafukan intanet goma, kada ka yarda da abin da ya gaza 8. Ranar da aka kai ku ga Android Studio, inda a ke kunna wayar gwaji a cikin kwamfutar kanta, sa'an nan za ka gane amfanin 16. In kuɗinka bai kai ba, tambayi mai kaya ko akwai gurbin ƙara RAM daga baya, gama yawancin siraran nan, har da MacBook na Apple, an manne nasu da allon ciki, ba a ƙarawa.

Sai ma'ajiya. Akwai tsohon faifai mai juyawa, akwai kuma SSD wanda ba abin da ke motsi cikinsa. SSD mai gigabayit 256 ya fi maka faifan da ya ninka shi huɗu, don ya fi sauri nesa ba kusa ba, kuma ya fi jure wa girgizar babur.

To, ga inda a ke cin ɗalibai. Mai kaya ya kan nuna maka 'yar takardar da aka liƙa, ya ce, "Ai Core i7 ce." Kada wannan ya ruɗe ka. Dubi lambar da ke bin bayan sunan. In ka ga i7-7500U, bakwai ɗin nan na farko ya nuna zubi na bakwai ne, kuma ƙwaƙwalwa biyu gare shi. Amma i5-8250U zubi na takwas ne, mai ƙwaƙwalwa huɗu. Ka ga ke nan ƙanen ya fi wan ƙarfi. Har wa yau akwai wani dalili. Kamfanin Microsoft ya ƙare lokacin kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, ita kuwa Windows 11 kusan duka furosesan Intel da ta yarda da su daga zubi na takwas ne zuwa sama. Wanda ya riga ya mallaki tsohuwa kada ya karaya, ya sa mata Ubuntu, kyauta ce, kuma sanin Linux riba ne ga ɗalibin wannan fanni.

Ni a ganina tokumbo mai ƙwari ta fi sabuwa mai araha, irin masu Celeron da RAM 4 ɗin nan. Araha ba ta ado. Waɗanda aka ƙera domin ma'aikatan ofis, watau ThinkPad na Lenovo, da Latitude na Dell, da EliteBook na HP, jikinsu da ƙarfi, kuma ana samun kayan gyaransu a kasuwanni irin Computer Village ta Ikeja. Manyan nan na wasanni kuwa, masu fitilu launi-launi, ka bar wa masu su. Nauyi gare su, kuma ba su daɗewa in an ɗauke wuta, mu kuwa kowa ya san halin wuta a ɗakunan kwananmu.

Tun da mun zo kan wuta, kada ka biya sai ka gwada batir. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Za ta fitar maka da rahoto mai nuna ƙarfin batirin sa'ad da aka ƙera shi, da wanda ya rage masa yanzu. In na yanzu ya kusa rabi, sai a rage maka kuɗin sabon batir, ko ka nemi wata.

Daga nan sai ka danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya, gama a kan madannan nan za ka yi shekara uku. Soka filasha a kowace kafa, ka haɗa ta da Wi-Fi, ka buɗe murfin ka rufe ka ji ko ƙyauren ya yi sanyi. Shiga BIOS ka tabbata ba a kulle shi da kalmar sirri ba, don wadda aka kulle wahalar buɗewa gare ta, wata ma ta sata ce. Ka tafi da ɗan aji uku wanda ya san kan abin, ka kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kwamfutar da yawan kwanakin da aka ba ka na mayarwa in ta nuna aibi.