Gudun ba-ni-in-ba-ka na dare: a cikin mota ake shan wuyar

A ƙarshen watan Agustan kowace shekara, ƙungiyoyi sama da 1,000 kan tashi daga Timberline Lodge, a kan Dutsen Hood da ke jihar Oregon ta Amurka, su gangara a guje har garin Seaside a bakin Tekun Fasifik. Nisan ya kusa kilomita 320. Wannan shi ne Hood to Coast, gudun ba-ni-in-ba-ka da Bob Foote ya fara a 1982 da ƙungiyoyi 8 kacal. Kowace ƙungiya mutum 12 ce, an yanka hanyar zango 36, kowa ya ɗauki uku, a raba su shida-shida a motoci biyu. Faɗuwar rana ba ta tsayar da kowa. Mai lissafi zai ce abin bai kai ya kawo ba, domin in an raba 320 gida 12 kowa bai wuce kilomita 27 ba, alhali gudun fanfalaki kilomita 42 ne da 'yan kai, kuma babu hutu. Lissafin daidai ne, sai dai ya manta da sa'o'in da ke tsakanin zango da zango, kuma nan ne ƙungiya take tashi ko ta faɗi.

A duba abin da ke samun jiki. Ƙungiyar da ke cin kowace kilomita a minti 5 da rabi za ta shafe kusan awa 29 a hanya, wato tsakanin gudun mutum na farko da na biyu akwai awa tara zuwa goma. Ba a kan katifa zai yi su ba. A takure zai yi su a kujerar mota, gumi na bushewa a jikinsa, gwiwa a lanƙwashe. Sukarin da tsoka ke ajiyewa don aiki kan buƙaci kusan kwana guda da abinci isasshe kafin ya cika sarai, shi kuwa ko rabin haka bai samu ba. Wanda ya buɗe tseren ma ya fi kowa shan ta, don zangonsa gangare ne na wajen mita 600, kuma gangare ya fi hawa yi wa tsokar cinya lahani saboda ita ke taka wa jiki birki a kowane taku. Tsamin jikin da wannan ke haifarwa ba nan take yake zuwa ba, yakan fara tsananta ne idan an doshi kwana guda, kusan lokacin da ake miƙa masa zango na uku.

Sai kuma agogon da ke cikin jikin ɗan Adam, wanda ba ruwansa da jadawalin masu shirya gasa. Zafin jiki kan sauka zuwa mafi ƙanƙantarsa da wajen ƙarfe huɗu zuwa biyar na asuba, hankali ya yi nauyi, ƙarfin tsoka ya ragu, ba kamar da la'asar ba lokacin da jiki ke ganiyarsa. Wasu za su ce ai sanyin dare gata ne ga mai gudu, musamman a watan zafi irin Agusta. Suna da gaskiya, domin zuciya ba ta wahalar tura jini zuwa fata don sanyaya jiki, kuma da yawa kan fi jin daɗin zangon dare. Amma bashi ne suka ci. Barcin awa ɗaya ko biyu a filin makaranta ko gefen gona ba ya biyansa, da hantsi ake zuwa karɓa.

Akwai kuma masu ganin haɗarin duka yana kan mai gudu cikin duhu. Masu shirya gasar sun yi wa wannan tanadi, tun da dole ne a sa riga mai ƙyalli a riƙe fitila daga yamma har safiya. Wanda ba a cika kulawa da shi ba shi ne direba, kuma sau da yawa ɗaya ne daga cikin masu gudun. Binciken da Dawson da Reid suka wallafa a 1997 daga Ostireliya ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, saurin hankalinsa kan ragu kamar na mai barasa kashi 0.05 cikin ɗari a jini, a awa 24 kuwa kusan ninkin haka. Irin wannan mutum ne ke tuƙa mutum biyar a ƙananan hanyoyin daji masu kwana, ga masu gudu a gefen titi.

Japanawa, waɗanda suka yi ekiden ɗinsu na farko, wato gudun ba-ni-in-ba-ka irin nasu, a 1917 daga Kyoto zuwa Tokyo dare da rana, ba su ɗora babbar gasarsu a kan wannan tsari ba. Ta Hakone, da ake yi ranakun 2 da 3 ga Janairu, da rana ake yin ta, ɗalibai goma, kowa zango ɗaya, a kwana a tsakiya. A can ƙafa kawai ake gwadawa. A Oregon kuwa ƙungiyar da ta nemi direba na daban, ta tsara wanda zai kwanta da lokacin cin abinci, ta kuma bai wa mai saurin farfaɗowa zangon asuba, takan iya riga wadda ta fi ta gwanayen gudu taka yashin Seaside.