Wutar da Ke Lasar Gefen Kasko Asara Ce

Na gaji da jin wata magana a bakin masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tun daga Tasawa har Mayahi: wai murhun zamani ba shi da wuta, sai an kafa duwatsu uku an cusa itace har harshen wuta ya haura bakin kasko, sannan aiki zai yi sauri. Wasu har rantsuwa suke yi cewa ƙulin da aka soya a kan Mai Sauƙi ba ya ƙamshi. Haba jama'a!

Mai Sauƙi dai murhun ƙarfe ne da ke rungume tukunya, ana yaɗa shi a Nijar tun shekarun 1980. A murhun duwatsu uku kuwa, abin da ke shiga tukunya daga zafin itace bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Sauran iska ce ke kwashewa, ke kuma ki sha hayaƙi, ido na hawaye, goyo na tari.

Ruwa in ya tafasa a digiri 100 ya tsaya nan. Ko dami guda kika ƙara, tururi kawai za ki samu. Mai ma ya fi muni, don shi ba ya tsayawa: zai yi ta ɗaukar zafi har ya fara hayaƙi, ƙuli ya yi baƙi a waje alhali cikinsa da taushi, man ya yi ɗaci, gobe mai saye ya koma wurin maƙwabciyarki. Ƙamshin da ake kuri da shi daga suyar gyaɗar yake fitowa tun kafin a kai ta niƙa, hayaƙi ba ya ƙara masa komai. Kuma itacen nan ba daga sama ya faɗo ba. Gawo da kalgo da sabarar da manoma suka raya ta hanyar sassabin zamani, tun da Tony Rinaudo ya fara aikin a yankin Maraɗi a 1983, su muke turawa ƙarƙashin kasko babu lissafi.

To, ki nemi murhu daidai da tukunyarki, ratar da ke tsakaninsu kada ta wuce kaurin yatsa. A faskara itace ƙanana, a bari ya bushe sarai, don ɗanyen itace wani ɓangare na ƙarfinsa wajen ƙafar da ruwan jikinsa yake tafiya. Da hunturu a kafa murhu bayan katanga. A rufe tukunya. Da ta tafasa a janye itace biyu a kashe da ƙasa, gobe ma rana ce. A haɗa tunkuza gaba ɗaya kafin a hura wuta, a soya kasko bayan kasko murhu bai huce ba. Ku ma masu kilishin Tasawa, rana ta riga ta yi muku mafi yawan aikin kyauta, garwashi ya isa gashi.

Batun sanyaya abinci kuma, wanda ya ga yadda kuran ya yi wuya bayan Najeriya ta yanke wa kamfanin lantarki na NIGELEC wuta a Agustan 2023 ba sai an yi masa wa'azi ba. Kada a saka abu mai zafi cikin firigo, kada a manna bayansa da bango. Inda babu kuran, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da ta jawo wa Mohammed Bah Abba na Jigawa kyautar Rolex a 2000, tana riƙe tumatir da tattasai kwanaki da bazara, muddin ana yayyafa wa yashin ruwa safe da yamma. Da damina kuwa ba ta sanyi sosai, don iska ta riga ta jiƙe.